Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Double" da Mayar da Ita Hausa

Duk wanda ya taɓa ajiye jaridar Turanci a gabansa da niyyar mayar da labari zuwa Hausa ya san cewa ba manyan kalmomi ne ke kayar da mai fassara ba, domin babbar kalma tana tilasta masa buɗe ƙamus. Ƙananan kalmomin da yake ganin ya sani tun yana firamare su ne ke shammatarsa, kuma "double" tana sahun gaba a cikinsu. An koya mana cewa ma'anarta ninki biyu, muka riƙe hakan gam, alhali a wani wurin kalmar tana nufin abu ɗaya mai ɓangare biyu, a wani wurin mutumin da ya yi kama da wani, a wani wurin kuma yaudara tsagwaronta. Matakan da ke tafe hanya ce da ɗalibi, ko ɗan jarida, ko malamin makaranta zai iya bi duk lokacin da ya ci karo da ita.

Mataki na farko: ka san furucinta da danginta

Ana furta kalmar kusa da "dabul", wato haruffan o da u da ke cikinta sauti ɗaya gajere suke bayarwa, kamar yadda suke yi a "trouble" da "couple". Idan ta zama aikatau, ana rubuta "doubled" ga abin da ya wuce, da "doubling" ga abin da ke gudana, inda harafin e na ƙarshe yake faɗuwa.

Asalinta daga Latin ne, daga kalmar "duplus", ta biyo ta tsohon Faransanci ta shiga Turanci a ƙarnonin da suka biyo bayan mamayar da Normawa suka yi wa Ingila a shekarar 1066. Sanin wannan yana da amfani a aikace, saboda Turanci yana da gida biyu na kalmomin da suka shafi biyu. Gidan Latin ya ba da "double", "dual", "duplicate" da "duplicity". Tsohon gidan Turanci na gado kuwa ya ba da "two", "twice", "twin" da "twofold". Kalmomin gidajen nan biyu sun yi tarayya a ma'ana, amma ba su yi tarayya a wurin zama cikin jimla ba, kuma daga nan ne yawancin kurakurai ke tasowa.

Mataki na biyu: ka duba aikin da take yi a jimlar

Kafin ka yi tunanin kalmar Hausa, ka dubi abin da ke gabanta da abin da ke bayanta. Idan suna ne ya biyo ta kai tsaye, kamar "double door", to siffa ce. Idan "the" ko "my" ko makamancinsu ne ya biyo ta, kamar "double the price", to lissafi take yi, tana cewa ninkin farashin. Idan mai aiki ne ya gabace ta, kamar "prices doubled", to aikatau ce. Idan kuwa "a" ko "his" ne ya gabace ta, babu kuma wani suna a bayanta, kamar "his double", to ita kanta suna ce. Wani lokaci tana bayyana yadda aiki ya faru, kamar a "see double", wato ganin abu bibbiyu, irin wanda ke samun mai jiri ko mai ciwon ido.

Wannan bincike ba ya cin minti ɗaya, amma shi ne ke nuna maka ko mataki na uku za ka bi, ko na huɗu, ko na biyar.

Mataki na uku: idan lissafi ne, ka ɗauki biro ka lissafa

Nan ne ya kamata a fi daɗewa, domin kuskure a nan yana sauya gaskiyar labari. Idan aka ce abu ya yi "double", ana nufin sabon adadinsa ya zama tsohon adadin sau biyu: abin da ake sayarwa naira 500 ya koma naira 1,000. Hausa tana da kalmomin da suka dace sarai, wato "ninka" da "ruɓanya", da sunayensu "ninki" da "riɓi", kuma a wasu garuruwan za ka ji "linka". Sai ka ce farashin ya ninka, ko ya ruɓanya, ko ya zama ninkin na da.

Matsalar tana zuwa ne da jimlar nan da ta zama ruwan dare, wato "ya ninka sau biyu". Masu rubuta ta galibi suna nufin adadin ya zama biyun na farko, kuma masu karatu da yawa haka suke fahimta. Sai dai ka ɗauki takarda ka ninke ta sau ɗaya, za ka ga ta zama falle biyu. Ka sake ninke ta, ta zama falle huɗu. Saboda haka mai karatun da ya ɗauki maganar a kan zahirinta yana da hujjar fahimtar cewa naira 500 ta koma naira 2,000, wanda a Turanci "doubled twice" ko "quadrupled" ne. Shawarata ita ce ka rubuta "ya ninka" kawai, sannan ka kawo alƙaluman biyu a bayansa: farashin ya ninka, daga naira 500 zuwa naira 1,000. Alƙaluma ba sa barin ƙofar gardama.

Abu na biyu shi ne dangantakar ninki da kashi cikin ɗari. Abin da ya ninka ya ƙaru ne da kashi 100 cikin 100, ba da kashi 200 ba. Idan abu ya ƙaru da kashi 200, to ya zama uku na yadda yake a da, kuma Turancinsa "tripled" ne. Na sha ganin an haɗa waɗannan biyu a rubuce-rubucen tattalin arziki, kuma dalilin kuskuren a fili yake: ido ya ga biyu a cikin 200, sai hannu ya rubuta ninki biyu.

Abu na uku shi ne ƙananan kalmomin da ke raka ta. "Nearly doubled" ko "almost doubled" na nufin ya kusa ninkawa amma bai kai ba. "More than doubled" na nufin ya ninka har da ɗoriya. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya misali ne mai kyau na gwaji. A shekarar 2011 an tsayar da shi a naira 18,000, a 2019 aka mayar da shi naira 30,000. Wannan ba ninki ba ne, domin ninkin 18,000 shi ne 36,000. Ƙarin bai wuce kusan kashi 67 cikin 100 ba. A shekarar 2024 kuwa aka ɗaga shi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000. Ninkin 30,000 shi ne 60,000, saboda haka a wannan karon daidai ne a ce albashin ya ninka har da ɗoriyar naira 10,000, wato ƙarin kusan kashi 133 cikin 100.

Akwai kuma tarko guda da ya kamata a yi masa alama da jan biro, shi ne "double digits" ko "double figures". Waɗannan ba su da alaƙa da ninkawa ko kaɗan. Suna nufin adadin da ake rubutawa da lamba biyu, wato daga 10 zuwa 99. Idan hauhawar farashi ta tashi daga kashi 9 zuwa kashi 11, Bature zai ce ta shiga "double digits", kuma wanda ya fassara hakan da cewa hauhawar farashi ta ninka ya tayar wa jama'a hankali a kan abin da bai faru ba. Abin da ya dace a rubuta shi ne ta kai kashi 10 ko ta haura.

Idan ka gamu da "doubling time" a rubutun tattalin arziki ko na ƙidayar jama'a, ana nufin tsawon lokacin da abu zai ɗauka kafin ya ninka. Akwai sauƙaƙƙiyar hanyar kintace da masu harkar kuɗi suka daɗe suna amfani da ita: ka raba 72 da yawan kashin da abin ke ƙaruwa da shi a shekara. Jama'ar da ke ƙaruwa da kashi 3 a shekara za ta ninka cikin kimanin shekara 24, kuɗin ajiya da ke ƙaruwa da kashi 6 kuma cikin kimanin shekara 12. Da wannan za ka iya gwada ko abin da ka fassara ya shiga hankali.

A ƙarshen wannan mataki, ka kiyayi "ninkin ba ninki". Magana ce mai ƙarfi, kuma malaman tafsiri kan kawo ta wajen bayanin ayar hana cin riba a Suratu Ali Imrana, aya ta 130, inda ake maganar ninki a kan ninki. Ma'anarta ruɓanyawa mai yawa da ba a ƙayyade ba, don haka ta fi ƙarfin "double", wadda ta tsaya cak a kan biyu.

Mataki na huɗu: idan siffa ce, ka tambayi kanka mene ne biyun

A nan abu ɗaya ne, amma wani sashe nasa ne ya zo biyu, ko kuma an yi shi domin mutum biyu. Aikinka shi ne ka gano wannan sashe ka ambace shi da sunansa, sai ka ga Hausar ta zauna da kanta ba tare da kalmar ninki ba. "Double door" ƙofa ce mai murfi biyu. "Double bed" gado ne na mutum biyu, kuma "double room" a otal ɗaki ne na mutum biyu, ba ɗakuna biyu ba, abin da ya kamata matafiyi ya sani kafin ya biya kuɗi. "Double-decker" motar bas ce mai hawa biyu, irin jajayen nan na birnin Landan. "Double-barrelled gun" ita ce bindiga mai baki biyu da mafarauta suka sani. A kwamfuta, "double-click" dannawa ce sau biyu a jere da sauri. Idan Baturen Ingila yana karanto maka lambar waya ya ce "double seven", bakwai biyu a jere yake nufi, ba 14 ba.

Kalmomin sana'a kuwa suna bukatar bayani, ba fassarar kalma ba. "Double entry" tsarin ajiye lissafin kuɗi ne inda ake shigar da kowace hulɗa a gurbi biyu, gefen da kuɗin ya fito da gefen da ya shiga, yadda idan an yi kuskure gefe biyun ba za su daidaita ba. Luca Pacioli, wani malamin lissafi ɗan Italiya, ya wallafa bayanin tsarin a birnin Venis a shekarar 1494, kuma har yau a kansa aikin akanta yake tafiya. "Double taxation" shi ne karɓar haraji sau biyu a kan kuɗin shiga ɗaya. "Double jeopardy" kuma ƙa'idar shari'a ce da ta hana a sake gurfanar da mutum a kan laifin da kotu ta riga ta hukunta shi ko ta wanke shi a kai, kuma tana cikin sashe na 36, ƙaramin sashe na 9, na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999. Wanda ya fassara ta da "haɗari biyu" bai gaya wa mai karatu komai ba.

Mataki na biyar: idan suna ce, ka duba fagen da ake magana

Idan ana maganar mutum, "double" shi ne wanda ya yi kama da wani kamar an tsaga kara. A harkar fim kuma shi ne wanda ke tsayawa a madadin jarumi a wurin da ke da haɗari. A wasan tanis, "doubles" wasa ne na 'yan bibbiyu, mutum biyu a kowane gefe.

A ƙwallon ƙafa, inda masu fassarar labarin wasanni suka fi haɗuwa da ita, kalmar tana da ma'ana uku. "The Double" shi ne ƙungiya ta lashe gasar lig da babban kofin ƙasar a kaka ɗaya. Preston North End ce ta fara yin haka a Ingila a kakar 1888 zuwa 1889, Tottenham ta yi a 1961, Arsenal kuma ta yi a 1971 da 1998 da 2002. Idan aka ce wata ƙungiya "did the double over" wata, ana nufin ta doke ta gida da waje a kakar. Idan kuma aka ce ɗan wasa ya ci "a double", ƙwallo biyu ya zura a wasa ɗaya, wanda aka fi kira "brace".

Mataki na shida: ka gane salon magana, ka nemo takwaransa na gida

Turanci da Hausa sun haɗu a kan wani tunani, cewa mai gaskiya fuska ɗaya gare shi da baki ɗaya. Shi ya sa maganganun "double" da suka shafi rashin amana suke samun masauki cikin sauƙi a harshenmu. "Double-dealing" shi ne baki biyu ko munafunci. "Double-cross" shi ne cin amanar wanda aka ƙulla abu tare da shi, wato yankan baya. "Double agent" ɗan leƙen asiri ne mai fuska biyu, wanda ke nuna yana yi wa wannan ɓangare aiki alhali wancan yake yi wa. "Double meaning" kuwa ba ta da fassarar da ta kai "harshen damo" kyau, kuma abin takaici ne a bar ta a koma wa "ma'ana mai ninki biyu". "Double standard" shi ne a hukunta wani a kan abin da aka kawar da kai ga wani, sai ka ce son kai ko nuna bambanci. Idan sharhi kake rubutawa, karin maganar nan ta laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, tana iya ɗaukar nauyin. A Turancin Najeriya akwai "money doubler", wato ɗan damfarar da ke cewa zai ninka maka kuɗi.

Sauran maganganun ba su shafi yaudara ba. "Double-check" shi ne sake dubawa don a tabbatar. "Redouble efforts" shi ne ƙara himma ko zage damtse. "On the double" ko "at the double" umarni ne da ya samo asali daga faretin soja, ma'anarsa maza-maza. "Double back" shi ne juyowa a bi hanyar da aka fito. "Double-edged sword" abu ne mai kaifi biyu, mai amfani da cutarwa a lokaci guda. "Double down" ta fito ne daga wasan karta na caca, inda ɗan wasa ke ninka kuɗin da ya zuba, amma a jaridun yau ana nufin mutum ya kafe a kan matsayinsa duk da sukar da ake yi masa, wato ya tsaya kai da fata.

Wadda na fi so a lura da ita ita ce "doubles as", domin jaridun Turanci na Najeriya suna yawan amfani da ita. Idan aka rubuta cewa kwamishina "who doubles as chairman of the committee", babu abin da ya ninka. Ana nufin kwamishinan, wanda kuma shi ne shugaban kwamitin. Waɗannan 'yan kalmomi huɗu, "wanda kuma shi ne", sun gama aikin.

Mataki na bakwai: idan kai ne mai rubuta Turancin, ka zaɓi kalmar da ta dace da wurin

Wannan mataki na ɗalibin da ke shirin jarrabawa ne, da ma'aikacin da ke rubuta rahoto. Ƙamus zai jero maka kalmomi masu kusancin ma'ana, amma ba zai hana ka sa su a inda ba su dace ba.

"Twice" ita ce ta maimaicin aiki da ta kwatanci. Likita yana rubuta "twice a day", sau biyu a rana, kuma ana cewa "twice as big as", ba a sa "double" a waɗannan wurare biyu. Inda suke musanya wuri shi ne gaban adadi: "twice the price" da "double the price" duk daidai ne, kuma ba a bukatar "of" a tsakani. "Twofold" ta fi zama a rubutun ilimi da rahotannin hukuma, kamar "a twofold increase", sai dai tana da ma'ana ta biyu, domin idan aka ce dalilin abu "is twofold", ana nufin dalilan kashi biyu ne. "Dual" ta abubuwa biyu ce da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa: "dual citizenship" zama ɗan ƙasa biyu, "dual carriageway" tagwayen hanya irin ta Kaduna zuwa Abuja, "dual SIM" waya mai layi biyu. Ba a amfani da ita wajen ƙaruwar adadi. "Duplicate" kwafi ne da ya yi daidai da na asali, na takarda ko na makulli. "Twin" tagwaye ne, na mutane ko na abubuwa masu kama ɗaya.

"Pair" da "couple" suna da nasu tarkon. "A pair of trousers" wando ɗaya ne, "a pair of scissors" almakashi ɗaya, domin Bature yana ƙirga ƙafafun wandon da bakunan almakashin. "A couple" na iya nufin miji da mata, amma "a couple of days" a maganar yau da kullum ba lallai ta tsaya a kan biyu ba, daidai da yadda Bahaushe ke cewa "kwana biyu" ga wanda ya yi makonni bai gani ba.

Mataki na takwas: ka gwada fassararka kafin ka sake ta

Bayan ka rubuta jimlar Hausa, ka rufe Turancin, ka karanta taka kaɗai, ka tambayi kanka adadi nawa mai karatu zai fahimta. Idan da hali, ka karanta wa wanda bai ga Turancin ba, ka ce ya faɗa maka lambar da ta zo masa a rai. Idan kana shakkar wata kalmar Hausa, ka duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ko tsohon ƙamus na Bargery na 1934, wanda ya tattaro bambance-bambancen karin harshe da yawa.

Ga jimlar gwaji da na ƙirƙira domin ta haɗa tarko uku a wuri ɗaya: "The chairman, who doubles as treasurer, doubled down on his claim that membership had nearly doubled, from 210 to 400." Ta farko, "doubles as", salon magana ce ta riƙe muƙami biyu. Ta biyu, "doubled down", kafewa ce a kan magana. Ta uku ce kaɗai lissafi, kuma biro zai nuna maka cewa ninkin 210 shi ne 420, saboda haka 400 ta kusa amma ba ta kai ba, kalmar "nearly" ta zauna daidai. Hausar sai ta fito kamar haka: Shugaban, wanda kuma shi ne ma'aji, ya tsaya kai da fata a kan iƙirarinsa cewa yawan mambobi ya kusa ninkawa, daga 210 zuwa 400. Kalmar ta zo sau uku a Turancin, amma sau ɗaya tak "ninka" ta bayyana a Hausar.